Tayar sikuta mai cibiyar ƙarfe: ko ta ci kuɗinta a Katsina?

Idan yaronka ko ƙanenka ya fara tashi sama da sikutarsa, irin wadda ake tsayawa a kai ana turawa da ƙafa, yana dirowa daga dakali, yana tsallake kwata, to taya mai cibiyar ƙarfe ta ci kuɗinta. Idan kuwa iyakarsa ya tura ta daga ƙofar gida zuwa shagon unguwa ya dawo, ajiye kuɗinka, ta roba ta ishe shi. A tsakanin waɗannan biyun ne mutane ke tafka asara. Wani ya sayi taya mai tsada ta ƙi shiga sikutar, wani ya ɗaura ta a kan sikutar da ba a ƙera don tsalle ba, wani kuma ya saye ta daidai amma ƙurar hunturu ta cinye boris ɗinta tun kafin damina ta faɗi. Don haka mu bi abin daki-daki.

Me ke cikin tayar

Tayar sikutar wasa ba ta da iska, ba ta da tif. Abu uku ne suka haɗu. Akwai danƙon waje mai taɓa ƙasa, wanda ake yi da sinadarin foliyuretan. Akwai cibiya, wato tsakiyar da danƙon ke manne da ita. Sai boris guda biyu da ke zaune cikin cibiyar, ɗaya ta kowane gefe, da wani ɗan bututun ƙarfe a tsakaninsu. Bol ɗin taya yana ratsa su duka.

Cibiyar ce batunmu. A sikuta mai araha roba ce, galibi nailan. A sikutar 'yan wasa alminiyum ce, kuma ita ce ake nufi idan an ce ta ƙarfe. Mafi yawa za ka ga an rubuta 6061-T6, wato alminiyum da aka gauraya da magniziyam da silikon sannan aka gasa shi don ya ƙara tauri. Akwai kuma 7075 mai gaurayen zinki, wanda ya fi ƙarfi, ya kuma fi tsada. Dalilin zaɓen alminiyum shi ne rashin nauyi: nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe.

Lokacin da sikutar Razor ta mamaye Amurka a shekarar 2000, tayoyinta masu cibiyar roba ne, irin na takalmin taya, don kuwa abin wasan yara da zirga-zirga aka yi ta. Da samari suka ɗauke ta suka shiga filayen tsalle, sai tayoyin suka riƙa fashewa, kuma daga nan kamfanoni suka koma alminiyum. Yau da wuya ka ga sikutar gasa daga Envy, ko Ethic na Faransa, ko Madd Gear na Ostareliya, ɗauke da cibiyar roba, sai dai a ƙananan samfuran masu koyo.

Mataki na farko: duba sikutar, ba tayar ba

Kafin a yi maganar kuɗi, juya sikutar ka duba wuyanta, inda allon tsayawa ya haɗu da sandar kai. Idan tana naɗewa, akwai maɓallin da ake ja ta kwanta, to magana ta ƙare, kada ka saya mata tayar ƙarfe. Wannan mahaɗar ita ce za ta fara saki idan ana dira a kanta, kuma taya mai ƙarfi ba abin da za ta yi sai ƙara wa yaro ƙwarin gwiwar yin tsallen da sikutar ba za ta ɗauka ba. Haka ma manyan sikutocin yawo masu taya milimita 200, su hanyarsu daban. Sikutar wasa wuyanta a like yake da walda, kanta ba ya hawa ba ya sauka.

Na nanata wannan ne saboda yawancin sikutocin da ke shigowa cikin kayan gwanjo masu naɗewa ne, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Kuɗin tayoyi biyu na ƙarfe gara a tara shi a kan sikutar wasa ta gaske, ko da ta hannu ce, da hular kwano.

Mataki na biyu: karanta tsohuwar taya

Tsohuwar tayar za ta gaya maka ko lokaci ya yi. Ɗaga sikutar, ka kama tayar baya da yatsu biyu, ka girgiza ta hagu da dama. Idan tana ƙas-ƙas, fara matse bol ɗin. Idan an matse har yanzu tana rawa, kwance ta ka taɓa boris ɗin da ɗan yatsa. In ya motsa cikin gurbinsa, ko ya faɗo da kansa da ka kifa tayar, to gurbin ya buɗe, kuma ba a gyara shi.

Sannan kai ta hasken rana ka dubi ƙafafun cibiyar, inda suka haɗu da tsakiya. Roba kafin ta karye takan yi wani farin layi siriri, kamar an karce ta da farce. Wannan layin tsagewa ce ta fara. Duba kuma bakin da danƙo ya haɗu da cibiya, ka danna da babban yatsa zagaye. Idan ka ga ɗan rami ya buɗe, danƙon ya fara rabuwa da cibiyar, kuma wata rana zai saɓule gaba ɗaya ana tsakiyar gudu.

In ba ka ga ko ɗaya cikin waɗannan ba, kuma mai hawan ƙaramin yaro ne ɗan shekara shida ko bakwai da bai fara tsalle ba, bar masa tayarsa har ta ƙare.

Inda ƙarfen ke biyan kuɗinsa

Nan ne nake so a tsaya, don abin da masu talla ke faɗa daban, abin da ya shafe mu daban.

Abin da kowa ke faɗa shi ne ƙarfi wajen dira, kuma gaskiya ne. Dirar da aka yi a miƙe ba ta cika kashe taya ba. Wadda ke kashe ta ita ce dirar gefe. Mai koyon wulwula allo a sama, abin da 'yan wasa ke kira telwif, zai dira a karkace sau da yawa kafin ya iya, kuma kowace dira nauyinsa gaba ɗaya kan faɗa a gefen tayar. Roba tana lanƙwasa ta dawo, ta lanƙwasa ta dawo, har ta gaji ta tsage. Alminiyum ba ya lanƙwasa haka. Wannan rashin lanƙwasar ne kuma ke sa tayar ta fi gudu, don ƙarfin turin ba ya ɓacewa a cikin cibiya.

Amma a Katsina ina ganin babban amfanin yana wajen gurbin boris. Mu nan ƙura ce abokiyar zamanmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na sauke ta a kan komai, sauran shekara kuma ga rairayin bakin kwalta, wanda duk mai bin titunan Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya ya san shi. Boris ɗin sikuta kuwa tsakaninsa da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba. Ko wace irin taya ka saya, za ka canza boris, ka sake canzawa, tun danƙon bai yi rabi ba. A cibiyar roba, kowace cirewa da sakawa tana ƙara faɗaɗa gurbin, sai ya zama kamar ruwan fartanyar da ya saki a ƙota: ko ka cusa masa tsumma, aiki kaɗan zai sake girgiza. Gurbin alminiyum an yanke shi da inji daidai awo, kuma in dai ana saka boris a miƙe, zai karɓi sabo sau da yawa yana nan daram. Wato abin da kake saya shi ne tayar da za a iya ci gaba da gyarawa.

Ga kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a garin nan, kwalta da daɓen siminti kuma sun fi haka. Roba tana laushi da zafi, hasken rana kuma yana busar da ita a hankali har ta zama mai saurin karyewa. Alminiyum bai damu da wannan zafin ba.

Sai dai kada a ɗora wa ƙarfen abin da ba zai iya ba. Danƙon waje zai ci gaba da cinyewa a kan kwalta mai tsakuwa, ko cibiyar ta mece ce. Tayar ƙarfe ma tana iya saɓule danƙonta idan mannin bai yi kyau ba. Kuma ba ta da taushi: a kan intalok za ka ji kowace gaɓa a tafin ƙafarka fiye da yadda kake ji da ta roba.

Mataki na uku: awo

Ɗauko rula da takarda. Yawan kuskuren saye daga nan yake tasowa, kuma kayan da aka yi odarsu daga Kano ko Legas aka sako a mota, mayar da su wahala ne.

Girman taya da milimita ake faɗarsa: 100, 110, 120, akwai ma 125. Yawanci an rubuta a jikin danƙon. In ya goge, auna, amma ka tuna tsohuwar taya ta ragu. Ta 110 ita ce ta fi yawa a hannun 'yan wasa, kuma a ƙasa irin tamu ta fi ta 100 hawa kan ƙananan tsakuwa da tsagar daɓe. Idan sikutar da 100 ta zo kana so ka koma 110, sabuwar tayar za ta ƙara milimita biyar ta kowane ɓangare. Don haka auna ratar da ke tsakanin saman tayar gaba da fok, wato ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe ta, ka auna ta baya tsakaninta da allo da kuma birki. In ratar ba ta wuce milimita biyar da ɗan rara ba, tsaya a 100. Kada ka yarda a goge fok ko a yanke allo don taya ta shiga.

Faɗin taya na yau da kullum milimita 24 ne. Akwai masu faɗin 30, sun fi riƙe ƙasa, amma sai fok da allon da aka yi dominsu. Bol ɗin taya kuma milimita 8 ne, shi ne ya dace da boris mai lamba 608. Wasu sikutoci ƙalilan na amfani da bol mai milimita 12 da boris babba. Idan ka ga an rubuta 12 a bayanin tayar, ba taka ba ce sai in sikutarka irin wannan ce.

Saura taurin danƙo, wanda ake rubutawa da lamba da harafin A. Mafi yawa 88A ne ko kusa da haka. Ƙaramar lamba, kamar 85A, ta fi taushi da riƙe ƙasa amma ta fi saurin cinyewa. A kan siminti mai kaushi da zafin ranarmu, ni 88A nake zaɓa.

Mataki na huɗu: wace irin cibiya

Iri uku za ka tarar. Mai ƙafafu kamar na wilin mota, cikakkiya wadda ba rami a jikinta, da mai rami a ciki wadda fuskarta a rufe take amma cikinta fanko ne, irin ta kamfanin Root Industries. Cikakkiya ta fi nauyi da juriya. Mai rami ta fi sauƙi, ta kuma fi tsada, kuma bambancin 'yan giram ne da sai ƙwararre zai ji a ƙafarsa. Ga mai koyo da matsakaici, mai ƙafafu masu kauri ta wadatar. Launin jikinta, ko ruwan gwal ne ko mai walƙiya kala-kala, ado ne kawai, kada a ƙara maka kuɗi a kansa.

Ka yi hankali da robar da aka fesa wa fentin azurfa. Maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba, don ba ya kama alminiyum, ba ya kama roba. Ƙwanƙwasa cibiyar da makulli: alminiyum yana amsawa da ƙara mai kaifi, roba kuwa sai ta yi wani duf. Ɗora ta a kumatu a inuwa, alminiyum da sanyi za ka ji shi. Idan ta intanet kake saye, nemi a turo maka bidiyon tayar da kanta ana ƙwanƙwasawa, ba hoton kamfani ba. Ka kuma tambaya ƙarara: kuɗin na guda ɗaya ne ko na biyu, da boris ko babu? Ana yawan sayar da irin wannan taya ɗaya-ɗaya alhali hoton na nuna biyu.

Idan kuɗin taya ɗaya kawai ke hannunka, saya wa baya. Ita ke shan birki da mafi yawan dirar gefe.

Boris

Lambar 608 na nufin rami milimita 8, faɗin waje 22, kauri 7. Ba na sikuta kaɗai ba ne. Ana sa shi a ƙananan injuna da kayan aikin lantarki da yawa, don haka masu sayar da boris sun san lambar, ba sai ka jira daga waje ba. Abin lura shi ne harufan da ke bin lambar. ZZ murfin ƙarfe ne, kuma yana barin 'yar kafa da ƙura ke bi. 2RS murfin danƙo ne ta gefe biyu, ya fi toshewa. Zai ɗan fi nauyin juyawa idan ka kaɗa shi da hannu, amma shi ne na garinmu.

Rubutun ABEC 7 ko ABEC 9 da ake cika baki da shi awon daidaiton ƙira ne kawai. Bai ce komai a kan ingancin ƙarfen ba, balle a kan hana ƙura.

Mataki na biyar: ɗaurawa

Idan tayar ta zo da boris a ciki, aikin ɗan kaɗan ne. Ana kwance bol da alinki, wato makullin bol mai kusurwa shida, yawanci mai lamba 5 ko 6, ɗaya ta kowane gefe, ko alinki da sifana. A baya akwai ƙananan zobba tsakanin taya da allo. Jera su a ƙasa yadda ka ciro su, na hagu a hagu, na dama a dama, don wani lokaci kaurinsu ba ɗaya ba ne.

Idan kai za ka saka boris, to a nan ake kashe sabuwar taya. Gurbin alminiyum a matse yake, ba ya karɓar boris da hannu, sai zuciya ta ce a ɗauko guduma. Kada a ɗauko. Boris ɗin da ya shiga a karkace yana kankare bangon gurbin, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi kenan. Nemi dogon bol mai milimita 8 da noti, da wosha manya guda biyu masu faɗin da ya rufe boris ɗin duka. Goge gurbin tas, ka shafa masa giris kaɗan. Ɗora boris na farko a baki, ka tabbata ya zauna daidai, ka zura bol ɗin da wosha ta kowane gefe, ka riƙa ɗaure noti a hankali. Bayan kowane juyi biyu tsaya ka duba ta gefe. In ya fara karkata, sassauta ka gyara. Zai shiga sumul har ka ji ya tsaya. In ya rage kaɗan bai kai ƙasa ba, ɗora tsohon boris a kansa ka ƙarasa turawa, don matsin ya faɗa a zoben waje, ba na ciki ba.

Yanzu ɗan bututun tsakiya. Tsawonsa milimita 10 ne a taya mai faɗin 24, kuma shi ake yawan mantawa. Saka shi kafin boris na biyu. In babu shi, da ka ɗaure bol ɗin taya sai zobban ciki su matsu, tayar ta ƙi juyawa, ka sassauta kuma ta yi rawa.

Idan wajen mai gyaran keke za ka kai, tafi da bol ɗinka da wosha, ka faɗa masa tun kafin ya karɓa: "Malam, don Allah kada a buga, da noti nake so a matse shi." Ya saba da ƙarfen keke mai jure duka, alminiyum kuwa ba haka yake ba, kuma in ka nuna masa sau ɗaya zai gane.

Mayar da tayar, ka ɗaure bol ɗin sosai. Noti mai zoben roba a ciki ya fi, don girgizar intalok tana kwance na banza. Kaɗa tayar: ta juya shiru, ba rawa, ba ta gogar birki. Sannan ɗaga sikutar kamar taƙi ɗaya ka sake ta a kan siminti. Ƙara ɗaya mai ƙarfi ya kamata ka ji. In ka ji kacau-kacau, akwai abin da bai ɗauru ba.

Kula da ita

Abin da ya fi kashe danƙo shi ne taka birki har taya ta tsaya cak tana jan ƙasa. Wurin sai ya shafe ya zama fili, daga nan kuma duk juyi sai ta yi dum-dum, ba magani. Cibiyar ƙarfe ba ta hana wannan. Koya wa yaro ya riƙa taka birki kaɗan-kaɗan, ko ya sauke ƙafa. Doguwar gangara da birki a danne ma tana gasa ƙarfen birkin har ya ƙona danƙon.

A share wurin wasa da tsintsiya kafin a fara, musamman da hunturu. Bayan wasa a goge gefen boris da busasshen tsumma, kada a wanke da ruwa, kuma da damina a guji kududdufi. Kada a ɗura mai ta waje, don mai da ƙura in suka haɗu sai su zama wani jan kwaɓi mai cin ƙarfe. Idan boris ya fara ƙara, ciro shi: ture ɗan bututun tsakiya gefe, ka sa siririn ƙarfe ta ɗaya ɓangaren, ka riƙa ɗan taɓa shi zagaye har ya fito a miƙe. Mai murfin danƙo ana iya ɗage murfin da allura, a wanke da kananzir, a bari ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu, a mayar. In bayan haka yana ƙara ko yana cijewa, sabo za a saka.

Ta baya za ta riga ta gaba cinyewa, don haka da ka ga bambanci ya fara fitowa, musanya su. A ajiye sikutar a inuwa, ba tsakar gida da rana ba, ba cikin but ɗin mota ba.

Ranar da danƙon ya yi siriri har kana jin ƙarfe a dira, ko ya tsage, ko bakinsa ya fara rabuwa da cibiya, a sauke tayar nan take. Ba a manne ta da gam, ba ta riƙewa. Ciro boris ɗin in suna da sauran rai, ka adana ɗan bututun tsakiya don wata rana, cibiyar kuma ka haɗa ta da kayan 'yan gwangwan, suna sayen alminiyum.